Shekarar da Na Yi Salla a Kan Kujera

Ammar da Rukayya, 'ya'yan yayata Safiya, ku nake rubuta wa wannan babi, ko da yake na san sai an zauna da ku an warware muku rabinsa da Larabci. Na ji labarin da mahaifiyarku take ba ku game da shekarar da na yi salla a kan kujera. Tana cewa wai da gangan na ƙirƙiri ciwon gwiwa don in jawo kakanku zuwa masallaci, kuma wai dabarar ta ci. Labari ne mai daɗi, ya kuma fito da ni a matsayin mai hikima, sai dai ba haka aka yi ba. Ciwon na gaske ne. Dabara kuwa an kawo ta, amma ba ni na kawo ta ba, kuma ban karɓe ta ba. Abin da take faɗi game da tseren da na shiga a shekarar, cewa na iso cikin na ƙarshe-ƙarshe ina takawa a hankali har masu kallo sun fara watsewa, wannan ba ni da ja a kansa, kuma ba shi ne abin da nake son ku sani ba.

A lokacin ban daɗe da dawowa gida Makka daga Kano ba, inda Baba ya tura ni karatun jami'a domin, a cewarsa, a samu mutum ɗaya a gidan da zai iya gama magana da Hausa ba tare da ya je aro wurin Larabawa ba. Tun daga ranar da na dawo ya daina kirana Mudi, ya koma Malam Mudi, rabi girmamawa rabi tsokana. Na samu aikin tafinta a wani kamfani mai hidimar alhazai, aikin da mafi yawansa zama ne wuri ɗaya idan ba lokacin Hajji ba. Wani abokin aikina ne ya ba ni labarin tsere mai zango uku, wanda ake yi a bakin teku a Jidda idan sanyi ya shigo. Mutum zai fara da iyo a cikin teku, ya fito ya hau keke ya yi tafiya mai nisa, sannan ya ajiye keken ya ƙarasa da gudu, duk a jere babu hutu. Ba gasar ce ta ja ni ba, tsarin shirinta ne. Kowace rana da aikinta, kowane aiki da iyakarsa, ni kuwa mutum ne mai son ganin abu a inda aka ajiye shi. Da na yi wa Inna bayani, ta dube ni ta ce:

"To, wa ya biyo ka?"

"Babu kowa, Inna. Wasa ne na motsa jiki."

"Ka faɗa ruwa, ka fito ka haye keke, ka yar da keke ka ruga a guje, kuma ba wanda ya biyo ka. Ɗayyib, ya yi kyau. Allah ya shirya."

Makka ba garin kogi ba ne, don haka iyo na koye shi ne da girmana a tafkin wata ƙungiyar wasanni, a gefen da yara suke, sai ranar hutu in tafi Jidda in gwada kaina a ruwan gishiri. Keke kuwa ba shi da wurin da ya fi Muzdalifa. Ku kun san ta ne a hotuna cike da motoci da mutane cikin fararen kaya, amma idan alhazai suka tafi takan koma fili shiru, tituna masu faɗi babu kowa sai tantabaru da inuwar gadar jirgin ƙasa. Gudu shi ne ƙarfina, kuma shi ya kai ni ga ciwon. Nakan bi hanyoyin da suke hawa duwatsun bayan unguwarmu ta Rusaifa, in hau a hankali in gangaro da ƙarfi, har wata safiya gwiwata ta dama ta soma yi mini wani irin suka a ƙarƙashin ƙoƙonta. Na ci gaba da gudu a kanta ina cewa za ta saba, sai ta kumbura, har ya zama idan na sauka sujada sai na dafa ƙasa da hannu biyu kafin in tashi.

Dole in tsaya nan in gaya muku wane ne kakanku a wancan lokaci, domin ku kun taso kun same shi dattijo mai wasa da jikoki. A unguwar Tandabawi a nan Makka aka haife shi, iyayensa kuwa da ƙafa suka zo daga ƙasar Kano. Tun yana saurayi ya fara ɗaukar tsofaffin alhazai a gadon katako, shi da abokansa su ɗora a ka su yi ɗawafi da su. Da aka kawo keken turawa, wanda a nan muke kira arabiyya, ya koma turi, ɗawafi da Safa da Marwa, safe da yamma, har gashinsa ya yi fari. Yana alfahari da cewa bai taɓa zama a abin da yake turawa ba ko don ya huta. A masallacin unguwarmu akwai fararen kujerun roba da ake jerawa a ƙarshen sahu domin waɗanda ba sa iya sujada, Baba kuwa ya sa wa wurin suna tashar mota. Wanda ya fi shan tsiyarsa shi ne Alhaji Tanimu, tela, amininsa tun ƙuruciya, Bazazzagi, wato abokin wasansa na gado tun da shi Bakano ne. Shekara da shekaru Baba ba ya wuce shi bayan sallama sai ya ce:

"Bazazzagi, har yanzu motar ba ta zo ba?"

Sai gwiwoyin Baba suka gaji, duka biyun. Ba a faɗi haka a gida ba. Abin da aka faɗa shi ne benenmu ya yi tsawo, hawa da saukarsa suna wahalar da Baba, don haka ya koma salla a ɗakinsa. Amma kullum da safe yana sauka wannan benen ya sayo gurasar tamis da wake, ya hawo, ba ya neman a riƙe shi. Abin da ba ya iyawa shi ne kai goshinsa ƙasa. Yakan tura ƙofa ya yi salla a bakin gado, kuma duk mun san haka, duk mun yi kamar ba mu sani ba. Ranar Juma'a yakan sa in kai shi wani masallaci mai nisa inda ba a san shi ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin jama'a ya koma zaman ɗaki, maganarsa ta ragu, abincinsa ya ragu, Inna tana kallonsa tana share ido da gefen mayafi idan ta shiga madafa.

A cikin wannan hali na je wurin likitan gashin ƙashi. Ya murɗa ƙafar, ya sa na tsuguna na tashi, sannan ya ce babu abin da ya tsage, amma guringuntsin da yake bayan ƙoƙon gwiwar ya ƙuje. Iyo in yi iyakar iyawata. Keke in yi, amma in ɗaga sirdin don kada gwiwar ta riƙa lanƙwashewa sosai, kuma in guji hawa dutse. Gudu kuwa ya yanke shi ya bar mini ɗan kaɗan: a fili mai laushi, 'yan mintuna ina sassarfa, in koma tafiya, in sake, kuma ba kullum ba. Ragowar gudun in yi shi a cikin ruwa, da wata ɗamarar roba da take hana mutum nutsewa. Duk wannan na karɓe shi da daɗin rai, domin tsari ne. Sai ya ƙara da abin da ban yi tsammani ba, ya ce sujada da zaman tahiya su ma in bar su tukuna, in tsaya in yi karatu da ruku'u, sauran in yi a kan kujera da nuni.

Ranar farko da na ɗauki farar kujera na kai ta ƙarshen sahu, sai da masallacin ya juyo. Ni ne saurayin da suke gani yana wucewa da keke da hular kwano, ga ni yau tsakanin dattawa. Alhaji Tanimu ya matsa mini wuri, sai da aka sallame ya kama hannuna ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa za su ji.

"Sannu da zuwa, ɗan Bakano. Ka ce wa babanka ɗansa ya riga shi samun wuri. Mu nan ba ma korar kowa, har da masu baki."

Ban kai saƙon ba, amma kafin magariba ya isa gida ta bakin wani. Na tarar da Baba a falo ya sa farar riga, hularsa a hannu.

"Me Bazazzagin nan ya ce maka?"

"Wasa ya yi, Baba."

"Na san wasa ya yi, ni na koya masa. Ba zan bar ka kai kaɗai a hannunsa ba. Yalla, mu je."

Muka sauka tare. A masallaci ya ɗauki kujera ya dangwara ta kusa da tawa, ya dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya, ya yi musu sanarwar da ba wanda ya tambaye shi.

"Rakiya na yi. Yaro ba shi da lafiya, ba a barinsa cikin baƙi. Ranar da ya tashi daga kujerar nan, ni ma na tashi."

"Mu ma duk rakiya muka yi," in ji Alhaji Tanimu. "Zauna."

Daga ranar Baba ya dawo salloli biyar a jam'i, kuma bai tsaya nan ba, ya mayar da jinyata aikinsa. Bayan sallar asuba nakan sa keke a bayan mota, shi kuma ya shiga gaba da filas ɗin shayi da na'ana'a, mu nufi Muzdalifa. Yakan zauna a mota ƙofa a buɗe yana kallona ina kai da kawowa a kan keke, duk lokacin da na wuce sai ya yi mini gyara a kan abin da bai taɓa hawa ba. Idan na ajiye keke na sa takalmin gudu, sai ya ɗaga agogonsa. Shi ne mai tsaron mintunan da likita ya ba ni, kuma ban taɓa ganin mai tsaro mai tsanani kamarsa ba. Da zarar lokaci ya cika zai danna hon, ko da kuwa ƙafata ta fara jin daɗin gudun, in na yi kamar ban ji ba ya ɗora hannu a kai har tantabaru su tashi. A nan ne, muna shan shayi rana tana fitowa ta bayan duwatsu, ya ba ni labaran da ban taɓa ji ba: tsohuwar da ta yi ta yi masa addu'a da wani yare har suka gama Safa da Marwa bai gane ko kalma ɗaya ba, da attajirin da ya yi barci a arabiyya tun zagayen farko. Sau ɗaya ya bi ni tafkin iyo don ya ga gudun cikin ruwa da idonsa. Ya tsaya a bakin ruwan yana kallona ina ɗaga gwiwa ina kaɗa hannu, ina matsawa kamar kunkuru. Da muka koma gida ya ce wa Inna:

"Hajiya, na ga abin da muka tura yaro Kano ya koyo. Yana gudu, yana haki, yana nan inda yake."

Inna ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta daɗe ba ta yi irin wannan dariya ba, kuma na lura a ranar sai da aka ƙara wa Baba tuwo.

Ni kuwa ina bin tsarin likita ba ragi ba ƙari. Iyona ya gyaru fiye da yadda na zata, domin lokacin da gudu ya bari duk ya koma can. Na koyi shaƙar iska ta kowane gefe, na daina haɗiyar ruwan teku. Cinyoyina suka yi ƙarfi da keke da atisayen da aka ba ni na ɗaga ƙafa a kwance, kowace yamma kuma Inna tana ba ni ƙanƙara a tsumma in ɗora. Kumburi ya sauka, sukan ya koma nauyi, nauyin ya tafi. Da na koma wurin likita ya ce in fara ƙara gudu kaɗan-kaɗan, amma kada in sa rai zan gudu zangon ƙarshe na tseren gaba ɗaya a bana. Game da salla ya ce in gwada a gida, in babu ciwo in koma yadda na saba. Na gwada da nafilar walaha a ɗakina. Na sauka, goshina ya taɓa darduma, na zauna a kan ƙafata, na tashi ba tare da dafa ƙasa ba. Babu ciwo ko kaɗan. Na daɗe a zaune a wurin ina godiya, sannan na ɗaga kai na ga Inna a bakin ƙofa da tsumman ƙanƙara a hannu. Ta shigo ta tura ƙofar.

"Mudi, wa ya gani?"

"Ke kaɗai, Inna."

"To, ni ban gani ba. Kada ka yi gaggawar warkewa."

"Ai na riga na warke."

"Ka warke a ɗaki. A masallaci ba ka warke ba tukuna. Ka ji abin da ya faɗa a gaban mutane, ranar da ka tashi shi ma ya tashi. Da me zai tashi? Ka bar shi ya saba, wata biyu, wata uku, har a manta da maganar. Tseren naka ma ka bar shi sai baɗi, ka ce ƙafa ba ta yarda ba. Me za ka rasa?"

"Tseren zan iya barinsa yau, ba zan ji komai ba. Amma farilla ba ta yiwuwa a zaune ga wanda yake iya sujada."

"To ka zauna a can, ka dawo gida ka sake ta."

"In tsaya a gaban Allah ina nuna abin da ba haka yake ba, Baba yana gefena yana yi mini addu'ar samun sauƙi?"

Ta kira Yaya Safiya a waya, ta miƙa mini. Mahaifiyarku ba ta yi mini da sauƙi ba. Ta ce ni dai tun ina yaro haka nake, in aka ce a jera takalma sai na jera har na baƙi, kuma karatun Kano bai ƙara mini komai ba sai taurin kai da manyan kalmomi. Ta ce in zaɓa tsakanin tsarina da ubana. Na san ba mugunta ce ta sa su ba. Sun ga mutumin nan ya dawo da rai bayan sun fara fid da tsammani, kuma suna tsoron ɗakin nan da ƙofarsa a rufe. Ni ma ina tsoronsa. Na yi sallar azahar da la'asar na ranar a wurin aiki don in samu lokacin tunani, magariba da lisha kuma na tsaya a wani masallaci a hanya, amma na san ba zan yi ta ɓuya ba. Da asuba na ce wa Baba mu wuce Muzdalifa kai tsaye mu yi salla a can, ya yi mamaki amma bai ƙi ba. Na shimfiɗa darduma a gefen titi, shi yana zaune a kujerar mota ƙafafunsa a waje, na ja mu salla. Ya ga sujadata daga farko har ƙarshe. Da na sallame na juyo.

"Baba, gwiwa ta warke. Likita ya ce in koma salla yadda na saba. Ba na son ka fara gani a gaban mutane."

Ya kau da kai zuwa gadar jirgi.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Abin da muke roƙo ke nan. Hau kekenka."

Na hau, na yi abin da zan yi, na sa takalmi na yi gudu. Bai danna hon ba, ni na tsayar da kaina. Shayin ma ba a buɗe shi ba. Wannan ce safiya ta ƙarshe da ya raka ni Muzdalifa, domin ko bayan da komai ya daidaita bai sake zuwa ba, kuma a duk abin da shawarata ta ci mini babu wanda ya kai wannan zafi. Har yau idan na bi ta wurin nakan rage gudu a inda muke ajiye mota.

Da aka kira azahar na tsaya a ƙofar ɗakinsa. Ya ce in je, benen ya dame shi yau. Haka la'asar, haka kwanakin da suka biyo. Ƙofa ta koma rufewa, tuwo ya koma dawowa da saura. Inna ba ta yi mini faɗa ba, sai dai ta daina kiran sunana, takan ajiye mini abinci ta wuce. Nakan je masallaci in tsaya a ƙarshen sahu kusa da kujerun, ban san dalili ba, in yi sujadar da na yi watanni ina marmari, in tashi zuciyata a cushe. Dattawan suna yi mini barka da samun lafiya, ba wanda ya tambayi Baba, kuma wannan shirun nasu ya nuna mini sun gane komai. Sai wata rana bayan azahar Alhaji Tanimu ya riƙe gefen rigata.

"Ina Bakano?"

Na buɗe baki zan ce bene, sai na ga ban ƙi yin ƙarya a salla don in zo in yi ta a ƙofar masallaci ba.

"Baba Tanimu, ba bene ba ne. Ba ya iya sujada, ya daɗe ba ya iyawa. Kunyarku yake ji, musamman kai."

"Na sani tun kafin ka sani. Ka zaci ban ga yadda yake tashi ba tun shekarun baya?" Ya miƙo mini hannu. "Ɗaga ni. Gidanku za mu."

Alhaji Tanimu ya fi Baba ciwon ƙafa nesa ba kusa ba, kuma rabonsa da hawa benenmu an daɗe. Ya hau shi a ranar, hannu ɗaya a kafaɗata ɗaya a jikin bango, yana tsayawa a kowace kwana yana zagin wanda ya gina gidan. Kafin mu kai sama rigarsa ta jiƙe. Inna ta buɗe ƙofa ta gan shi, ta ruga ta kawo ruwa. Bai jira an yi masa iso ba, ya tura ƙofar ɗakin Baba da sandarsa, ya samu bakin gado ya zauna yana haki.

"Wa ya mutu?" in ji Baba.

"Ba wanda ya mutu. Dariya na zo yi maka. Shekara da shekaru ina tara ta, na ga in na bari sai ka zo masallaci ina yi maka kaɗan-kaɗan, kwanana zai ƙare ban gama ba. Gara in yi ta gaba ɗaya yau, halas, shi ke nan, a wuce wurin."

"A gidana?"

"A kan gadonka ma. Gyara zama."

Ya fara. Duk wata tsiya da Baba ya taɓa yi masa a gaban jama'a sai da ya dawo da ita, da ranar da aka yi ta da waɗanda suke wurin, yana kwaikwayon muryar Baba da yadda yake gyara hula in zai yi magana. Da ya gama da waɗannan ya shiga sababbi. Ya ce mutumin da ya tura rabin duniya ya kasa tura kansa zuwa ƙarshen layi. Ya ce Kanawa ko ciwo za su yi sai sun nemi wanda za su ce rakiyarsa suka yi. Ni ina tsaye a bakin ƙofa, Inna tana bayana da kofin ruwa, muna jiran Baba ya fashe. Fuskarsa ta ɗaure, ya kau da kai, sai na ga kafaɗarsa tana motsi.

"Ka gama?"

"Saura kaɗan."

"To bari in gaya maka. Ni gwiwata a ɗawafi ta ƙare, a bautar Allah da baƙinsa. Kai taka fa? A gindin keken ɗinki, kana ɓata wa mutane yadi."

"Rigar da take jikinka wa ya ɗinka?"

"Shi ya sa hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo."

Suna cikin haka aka kira la'asar. Muka amsa kiran har ladan ya gama. Alhaji Tanimu ya dafa sandarsa ya gwada tashi, ya koma ya zauna.

"Ni dai ba zan iya sauka benen nan ni kaɗai ba, kuma yaronka ɗaya ba ya isa. Ko ka kama ni, ko in kwana a nan matarka ta yi ta ciyar da ni."

"Wannan kuma ba zai yiwu ba," in ji Baba, ya miƙa hannu ya ɗauki hularsa.

Muka sauka mu uku, Alhaji Tanimu a tsakiya, kowannensu yana cewa ɗayan ne yake jan shi ƙasa. Mun isa ana tayar da iƙama. Na yi sauri zan ɗauko wa Baba kujera, ya buge hannuna, ya je da kansa ya zaro ɗaya daga cikin tarin, ya duba ƙafafunta, ya ajiye ta kusa da ta amininsa, ya daidaita ta da sahu. Ba wanda ya ce masa komai, shi ma bai yi wa kowa sanarwa ba. Na tsaya a gefensa kamar yadda na saba, sai ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam Mudi, kai kuma me kake yi a nan? Nan wurin waɗanda suka gama aiki da gwiwoyinsu ne. Wuce gaba, ga gurbi can."

Na wuce na shiga gurbin. Liman ya yi kabbara, muka yi tsayuwa, muka yi ruku'u, muka ɗago. Da muka tafi sujada, kafin goshina ya kai ƙasa, na ji ƙarar kujerun roba daga ƙarshen sahu suna karɓar masu su ɗaya bayan ɗaya, kuma a cikinsu na gane ta Baba, domin ya fi su duka nauyi.